Ina haddar kalmomin Turanci amma ba sa zama, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata shida ke nan ina koyon Turanci da kaina. Kullum nakan tsamo kalmomi 30 daga ƙamus in rubuta a littafi in yi ta maimaitawa, amma bayan mako guda sai in nemi yawancinsu in rasa. Kalma nawa ake buƙata kafin mutum ya iya karatu, kuma yaya zan yi su zauna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙwaƙwalwarka lafiya lau take. Gyaran yana wurin kalmomin da kake zaɓa da yadda kake bitarsu.

Mu fara da yawan. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke birnin Wellington ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko labari ba tare da ƙamus ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin, wato baƙuwa ɗaya a cikin kowace 50. Hakan yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, sauraron hira kuma 6,000 zuwa 7,000. Dangin kalma shi ne uwa da 'ya'yanta: help da helped da helpful duk ɗaya ake ƙirga su. Kada adadin ya tsorata ka, domin dangi 2,000 na farko, waɗanda aka fi yawan amfani da su, su ne kusan kashi 80 na duk rubutun yau da kullum. Ƙamus kuwa jerin harufa yake bi, ba ya gaya maka wace kalma za ka tarar sau goma a yini, wace ce za ka shekara ba ka gani ba. Ka nemi jerin kalmomin da aka tsara bisa yawan amfani, irin wanda Michael West ya fitar a 1953, ko sabbin da suka biyo bayansa. Idan karatun jami'a ne a gabanka, daga baya sai ka ƙara da jerin Averil Coxhead na 2000, mai dangi 570.

Babbar ɓarnar tana wurin bita. Kallon kalma da ma'anarta a jere yana sa ka ji kamar ka riƙe, alhali ido ne kawai ya saba. A 2008 masu bincike Karpicke da Roediger sun ba ɗalibai a Amurka kalmomin Swahili 40 da ma'anoninsu. Waɗanda aka ci gaba da yi wa tambaya har bayan sun amsa daidai sun tuna kusan kashi 80 bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambaya da zarar sun amsa sau ɗaya, kusan kashi ɗaya bisa uku kawai suka tuna, har da waɗanda suka ci gaba da karantawa. Wahalar da kake sha wajen lalubo kalma daga kanka ita ce ke kafa ta.

Don haka ka bar littafin, ka koma kati. Kalmar a gaba, ma'anarta a baya da harshenka na uwa, tare da gajeriyar jimla. Masu cewa fassara tana hana koyo sun wuce gona da iri. Ga mai farawa ita ce hanya mafi sauri. Ka dubi gaban katin, ka faɗi ma'anar da baki, sannan ka juya. Wanda ka ci, ka sake dubansa gobe, sai bayan kwana 3, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Wanda ka kasa ya koma farko. Manhajar Anki tana yi maka wannan lissafin. Ka rage sabbi zuwa 10 a rana, domin 30 za su tara maka bashin bita da ba za ka iya biya ba. Kuma kada ka haɗa kishiyoyi ko 'yan gida ɗaya a zama guda, kamar left da right ko sunayen launuka. Binciken Tinkham na 1993 ya nuna irin waɗannan suna cakuɗewa, su fi wuyar koyo.

Kati ma'ana kawai yake ba ka. Yadda kalma take zama da maƙwabtanta, cewa make a mistake ake faɗa, do ba ta shiga nan, a karatu mai yawa ake samunsa. A ƙasar Fiji, Elley da Mangubhai sun zuba littattafan labarai kusan 250 a kowane aji na wasu firamaren karkara, kuma rahotonsu na 1983 ya nuna cikin wata takwas ci gaban yaran a karatu da sauraro ya kai kusan ninki biyu na yadda aka saba. Kamfanonin ɗab'i irin su Oxford da Cambridge suna buga labarai da aka sauƙaƙa hawa-hawa saboda masu koyo. Ka ba kati minti 15 a rana, karatu minti 30. Kafin ka ɗauki littafi, buɗe shafi ɗaya mai kalmomi kamar 300 ka ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. Idan sun wuce shida, sauko hawa ɗaya.