Yadda aka yi yaƙi da bindigar ɗuri

Ka tambaye ni, yaro: wannan bindigar toka da muke gyara wa mafarauta da 'yan bindigar hawan Sallah, wadda sai an tsaya an ɗura ta ta baki, yaya aka yi yaƙi da irinta dawakai ba su tattake mai ita ba? To, ajiye guduma ka ji.

Ta Turawa ta wajen 1600 ma ta fi tamu nawa, ko ƙanƙarar ƙyasta wuta ba ta da ita. Abin kunna ta igiya ce mai cin wuta a hankali, an kunna bakinta biyu, soja ya saƙale ta a yatsun hagu yana zuba albarushi da dama. Ya zuba kaɗan a ɗan kaskon da ke gefen bindigar ya rufe, ya hure wanda ya zube, ya ɗura na cikin bututu, ya jefa dalma, ya danna da sanda, ya mayar da sandar mazauninta, ya ɗaura igiya, ya hura ta, sannan ya ɗora bindigar kan sanda mai baki biyu don nauyinta. Duk wannan fa da ɗan'uwansa kafaɗa da kafaɗa, shi ma da wutarsa.

Yarima Maurice na Nassau, jagoran sojojin Holan, ya ga jarumta ba ta maganin wannan. Sai ya ɗora su kan atisaye kullum, kowane motsi da umarninsa. Littafin horon da aka buga a can a 1607 ya zana motsi 42 na mai ƙaramar bindiga, 43 na mai babba irin wannan, 32 na mai mashi. Dabarar sahu kuwa, ɗan'uwansa Willem Lodewijk ne ya rubuto masa ita a 1594: sahun gaba ya harba, ya ratsa ya koma baya yana ɗuri, na biyu ya matso. Kafin layi ya zagayo, na farko ya shirya, wuta ba ta yanke ba.

Masu mashi su ne garkuwar masu bindiga. Mashin ya kai mita 5. In barade suka sako, sai a kafe gindinsa a ƙasa jikin ƙafar dama, a saita tsinin daidai ƙirjin doki. Da aka samu wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga ba ta toshe shi ba, wajen 1700, sai aka jingine mashin.

Ni abin da ya fi kama hankalina shi ne ɗuri biyu. Cikin hayaƙi da ƙara mutum bai san tasa ba ta tashi ba, ya ƙara wani ɗurin a kai, bututu ya fashe masa a fuska. Har yau irinsu ake kawo mana. Saboda haka duk bindigar da ta shigo maƙerar nan, ko mai ita ya rantse babu komai ciki, zura sanda ka auna zurfinta kafin ka kai ta kusa da wuta.