Amsa ga ƙanena na Argungu mai shirin zuwa Jamus da kyamara

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka cewa ka samu gurbin karatu a Jamus, kana kuma tambaya ko ka taho da kyamarar da kake ɗaukar hotunan biki da ita a Argungu da Birnin Kebbi, ko ka bar ta a gida don gudun ɓarayi. Ka taho da ita, domin sana'arka ce, sai dai ka san cewa satar nan Jamus ta bambanta da wadda ka saba ji.

Ɓarawon nan ba kasafai yake tare mutum da makami ba, jira yake yi hankalinka ya tafi wani wuri. A babbar tashar jirgin ƙasa ta Frankfurt, alal misali, wani zai tsayar da kai yana tambayar hanya, kafin ka gama yi masa kwatance abokinsa ya ɗauke jakar da ka ajiye a ƙasa. Mai ɗaukar hoto kuwa ya fi kowa sauƙin cuta, tunda idonsa ɗaya a rufe yake, ɗayan kuma yana cikin kyamara. Saboda haka ka nemi jaka marar tambarin Canon ko Nikon, ka rataye ta a gabanka, kuma kada fasfonka ya taɓa kwana a cikinta, domin asarar kyamara ta kuɗi ce kawai, amma ɓatan fasfo zai sa ka yi ta zirga-zirga zuwa ofishin jakadancin Nijeriya da ke Berlin alhali darasi yana wuce ka.

A jirgin sama ka riƙe kyamarar a jakar hannu tare da batiranta na ajiya, domin dokar jirage ta hana sanya batiran ajiya cikin kayan da ake aunawa. Ka rubuta lambar da ke jikin kyamarar, ka adana rasidinta, saboda idan aka sace ta su ne 'yan sanda za su tambaya, kuma kamfanin inshora yakan nemi takardar rahotonsu kafin ya biya. Lambar 'yan sanda a nan ita ce 110.

Abin da ya fi damuna game da kai shi ne ɗaukar hoton mutane. A bikin kamun kifi na Argungu kana saita kyamara masunci zai ɗaga kifinsa yana dariya, amma a Jamus akwai doka tun 1907 da ta hana yaɗa hoton mutum ba da yardarsa ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka sake nema kafin ka ɗora a Facebook, yaran mutane kuwa kada ka ɗauke su sai da amincewar iyayensu.