Idan Mai Ƙara Bai Halarci Zaman Kotu Ba

Ɗana, ka tambaye ni jiya bayan La'asar abin da ke samun mai ƙara idan bai halarci zaman share fage ba, da kuma ko hukuncin ɗaya ne idan shari'ar ta kai matakin ɗaukaka ƙara. Na zaɓi in amsa maka a rubuce domin ka ajiye, tunda yawancin mutanenmu na unguwannin Misfala da Shari' Mansur a Makka da ke zuwa ofishinmu na lauyoyi suna ɗaukar wannan zama kamar gaisuwa ce kawai kafin a fara shari'a.

Zaman share fage, wanda ake kira jalsa tahdiriyya a kotunan kasuwanci na Saudiyya, a nan ne alƙali yake duba ko kotunsa na da hurumi, ya tayar da maganar sulhu, ya tantance abin da ake nema da hujjojin kowane ɓangare. Zama ne cikakke, kuma wanda ya ƙi zuwa ya ƙi zuwa kotu ne.

A matakin farko, dokar tafiyar da shari'a ta shekarar 1435 Hijira, a sashe na 55 kamar yadda aka gyara shi, ta ba kotu ikon share ƙarar idan mai ita bai zo ba kuma bai kawo uzurin da aka karɓa ba. Wannan shi ne shaɗab da kake ji a bakin magatakarda. Yana da kwana 60 ya nemi a ci gaba. Idan suka wuce bai nema ba, ko ya nema ya sake ƙin zuwa, sai a ɗauki ƙarar kamar ba a taɓa shigar da ita ba. A kotun kasuwanci wa'adin kwana 30 ne, kada ka haɗa su. Wanda ake ƙara kuma, idan ya zo, yana iya roƙon a yanke hukunci muddin shari'ar ta kai matakin yanke hukunci, ka ga an yi aski ba mai kai ke nan. Idan mai ƙara ya sake shigar da ƙarar da aka share daga baya, dokar kuɗin shari'a ta ɗora masa ƙarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin farko, ko da shi ya yi nasara.

Duk wannan da sauƙi, domin haƙƙin mutum yana nan, ƙofar ce kawai aka tura. Inda nake so ka buɗe ido shi ne ɗaukaka ƙara. Wanda ya ɗaukaka ƙara akwai hukunci a kansa tun farko, kuma kwana 30 aka ba shi ya kai kukansa, ko kwana 10 a shari'o'in gaggawa. Idan kotun isti'inafi, wato kotun ɗaukaka ƙara, ta sa rana, aka sanar da shi, bai zo ba, kwana 60 suka shuɗe bai nemi a ci gaba ba, ko ya sake fashi bayan an ci gaba, kotu da kanta za ta yanke cewa haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara ya faɗi. Daga nan hukuncin kotun farko ya tabbata, abokin shari'arsa kuma zai ɗauke shi ya nufi kotun zartarwa. Babu maganar sake shigar da sabuwa.

Na taɓa ganin wani dattijo da hakan ta same shi a rigimar kuɗin haya, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Saƙon kotu ya shiga lambar wayar da ke rajiste a Absher ɗinsa, wato manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya, wayar kuwa tana hannun ɗansa da ya yi tafiya. Har yau abin yana ci mini rai, domin saƙon da ya shiga wannan lamba sanarwa ce a idon doka, ko an karanta ko ba a karanta ba.

Saboda haka duk wanda ya kawo mana shari'a, ka tambaye shi wace lamba ce a Absher ɗinsa kuma tana hannun wa. Ka riƙa buɗe Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a, kowace safiya kana duba ranakun zama, ka tabbatar wakalar da ke hannunmu ba ta ƙare ba kuma ta ƙunshi tsayawa a isti'inafi. Idan zaman ta intanet ne, ka shiga tun kafin lokaci. In kuwa rashin lafiya ce ta hana mutum zuwa, ka karɓo takardar asibiti a ranar, ka shigar da ita tare da buƙatar ci gaba, ka rubuta ranar da wa'adin zai cika a bangon fayil ɗin da jan biro.