Tsawar Florida, aikin rufi da ginin da kake yi a Argungu

Wani ɗan Argungu mai aikin rufin gidaje a Tampa, jihar Florida ta Amurka, ya rubuto yana cewa bai taɓa ganin tsawa irin ta can ba. Yana so ya san ko can ne ya fi ko'ina tsawa a duniya, da dalilin hakan. Ya ce ogansu ba ya barin su sauko daga kan rufi sai ruwa ya kece, shi kuwa yana tsoron yin magana domin takardun zamansa suna hannun hukuma. Yana kuma turo kuɗi gida ana yi masa bene mai sola da tankin ruwa a sama.

Ƙanena, idonka bai ruɗe ka ba. A jihohin Amurka, Florida na sahun gaba, kuma tsakanin Tampa da Orlando ne abin ya fi ƙamari. Amma a duniya akwai waɗanda suka shige ta nesa. Binciken da aka fitar a 2016 daga tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya sa tafkin Marakaibo na ƙasar Benezuwela a kan gaba: walƙiya kusan 233 a kowace murabba'in kilomita a shekara, kuma hadari na tashi a can darare kusan 297 a shekara. Mai bi masa shi ne yankin Kabare a gabashin Kongo, kusa da tafkin Kibu, da kusan 205. A cikin wurare goma na farko, shida suna Afirka. Tsibiran Indunusiya da ƙasar Malesiya ma ba a bar su a baya ba.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya girma yana kallon hadarin damina. Sai rana ta gasa ƙasa, iska ta ɗebi laima, sannan a sami abin da zai cilla wannan iskar sama. Idan ta hau ta yi sanyi, gajimare ya yi tsiri sama da kilomita goma, ƙanƙara da ɗigon ruwa su yi ta gogayya a cikinsa har wutar lantarki ta taru ta fashe. Shi ya sa tudu ya fi teku walƙiya wajen ninki goma, domin ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. A Marakaibo duwatsu ne suka kewaye tafkin, da dare iska mai sanyi ta gangaro ta tarar da ɗumin ruwan. A Florida teku ne gabas da yamma; da rana iska ta shigo ta kowane ɓangare, su yi karo a tsakiya, sai hadari ya haɗu bayan azahar. Daga Yuni zuwa Satumba abin ke tsananta, daidai lokacin daminarmu.

Namu na Kebbi kuwa wani iri ne. Iska mai laima daga tekun kudu ce ke haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara, hadarin ya jeru ɗaruruwan kilomita, ya taso daga gabas da ƙura da guguwa a gabansa. Bai kai na Kongo yawa ba, amma idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, kuma yawancin ruwan da ke shayar da gero da dawarmu daga irinsa yake.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Jiran saukar ruwa kafin a sauko daga rufi ganganci ne da ran mutane. Aradu kan faɗi kilomita 15 nesa da inda ake ruwa, kai kuma kana tsaye a wuri mafi tsayi, ƙarfe a hannunka. Da zarar ka ji cida, komai nisanta, ka sauko. Ka shiga ginin da aka kammala ko mota mai rufin ƙarfe ka ɗaga gilashi. Rumfa da kango ba mafaka ba ne. Kada ka koma sama sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe. Wannan ita ce shawarar OSHA, hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki a Amurka, kuma kariyarta ta shafi kowane ma'aikaci ba tare da duba matsayin takardunsa ba. Doka ta hana a kore ka don ka kai ƙorafi kan haɗari, idan kuma an yi maka haka kana da kwana 30 ka kai ƙara gare ta. A Florida dole ne kamfanin gini ya yi wa ma'aikatansa inshorar rauni, kuma idan ka ji ciwo ka sanar da oga cikin kwana 30, a rubuce.

Ba na ce ka tafi da faɗa ba. Ku haɗu da abokan aikinka ku yi masa magana cikin ladabi, ku tura ta saƙon waya don a sami shaida. Game da takardunka, ka zauna da lauyan shige da fice mai lasisi ka gaya masa komai kafin ka ɗauki mataki. Kada ka kai maganar wurin dillalan da ke cika wa mutane fom a bayan shago.

Sai ginin gida. Bene mai tanki da sola a unguwar da yawancin gidaje ƙasa suke, shi ne zai fi tsayi, don haka ka ware kuɗin ƙarfen kare tsawa tun yanzu. A kafa shi sama da tankin, a ja waya mai kauri ta tagulla har ƙasa, a haɗa ta da sandar da aka binne da zurfi inda akwai damshi. A sa wa inbata na'urar da ke tare wutar da ta yi yawa. Ka nemi ƙwararren mai aikin wuta, ko da daga Birnin Kebbi za a ɗauko shi, kuma a turo maka hoton sandar kafin a rufe ramin, domin abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ake yawan ha'inta a kai.

Idan ka kira gida, ka roƙi Baba da 'yan'uwanka masu noman shinkafa a fadama su bar fili da zarar gabas ta yi baƙi, kada su fake ƙarƙashin itace guda a tsakiyar gona. Masu su kuma su fito daga ruwa tun kafin iskar farko ta iso. Allah ya tsare ku, ya sa takardun su fito lafiya.