Zauren Tambaya: Karatun harkar kuɗi a jami'a, tsakanin tsoron Turanci da tsoron riba

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Na gama sakandare ta ɓangaren Arabiyya, ina son in karanta harkar banki da kuɗi a jami'a amma abu biyu sun tsaya min a rai, na farko Turancina ba wani ƙarfi gare shi ba, ina karantawa in gane amma in aka ce in yi magana sai baki ya ɗaure, na biyu kuma Baba ya ce karatun riba ne ba zai sa kuɗinsa a ciki ba. Lissafi kam alhamdulillahi ina ja. Yaya zan yi? Daga ƙaninka a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan magana da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, wato kana jan lissafi, ai ita ce babbar. Yawancin masu shan wuya a wannan kwas ba Turanci ne ke kayar da su ba, lissafi ne da kididdiga tun daga aji ɗaya, sai a shiga aji biyu a haɗu da lissafin darajar kuɗi a kan lokaci, nan ake gane wa ya zo karatu wa ya zo rakiya. Dubu 100 ta yau ba ɗaya take da dubu 100 ta baɗi ba, kuma ba sai malami ya faɗa maka ba tunda a 2024 tsadar kaya a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda ya ɓoye kuɗinsa a ƙarƙashin katifa a wannan shekarar ya ga yadda suka narke. Kusan rabin digirin a kan wannan tunanin aka gina shi.

Turanci kuwa ba zan yi maka daɗin baki ba, dole ne. Sai kana da kiredit biyar ciki har da Turanci da lissafi, yawancin jami'o'i kuma suna son ikonomiks, a JAMB ma Turanci wajibi ne sannan lissafi da ikonomiks da wani guda ɗaya, ka duba ƙasidar JAMB ta shekarar da za ka zauna domin kowace makaranta da nata ƙarin sharaɗin. Amma Turancin da kwas ɗin ke bukata ba na wasan kwaikwayo ba ne, kalmomi ne ƙididdigaggu da suke ta maimaita kansu shekara huɗu. Ka samo rahoton shekara na kowane banki, suna sa shi kyauta a shafinsu na intanet, kullum ka karanta shafi ɗaya da murya a sama ba a zuci ba, abin da ba ka gane ba ka rubuta a ƙaramin littafi. Ka haɗa da sauraron labaran kasuwanci na Turanci a rediyo. Ɗaurewar baki kuma ba ta da magani sai yin maganar, ka samu aboki ɗaya ku yi yarjejeniya a kan awa guda kullum ba Hausa, za a yi muku dariya a unguwa, to sai me.

Sai maganar Baba, kuma kar ka kuskura ka je masa da gardama, damuwarsa tana da tushe. Fatawa ta malamai ce, ku je tare wurin malamin da ya yarda da shi. Ni abin da zan ba ka shi ne abin da za ka ajiye a gabansu. Tun 2011 Babban Bankin Najeriya, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamna, ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa, a 2012 bankin Jaiz ya fara aiki, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci da ba ruwa, a 2013 ta gina makarantu, gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko a 2017 na naira biliyan 100 aka zuba a tituna, in kana bin manyan hanyoyi ka sha ganin allon sukuk a gefen titi. Ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Duk waɗannan wurare ma'aikata suke nema, kuma kowane bankin Musulunci sai da kwamitin malamai masu duba ko abin da yake sayarwa ya dace da shari'a. To wa zai zauna a irin wannan kujerar in duk masu Larabci sun gudu daga fannin?

Kai da ka karanta babin ciniki a Risala, murabaha (sayar da kaya da ribar da aka bayyana) da mudaraba (jari daga wani, aiki daga wani) da ijara (haya) ba baƙinka ba ne, abokan karatunka sai sun yi haddar su kamar sunan magani. Ƙa'idojin shari'a na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, waɗanda bankunan Musulunci da yawa ke bi, asalinsu da Larabci suke. Kuma a Jami'ar Bayero akwai cibiya sukutum ta karatun banki da kuɗi na Musulunci, sai dai ta masu babbar difloma da digiri na biyu ce, ka ga sai ka fara yin na farkon tukuna.

Abu ɗaya dai kar ka ɓoye wa Baba, a ajin za a koya maka lissafin ruwa, za ka yi jarrabawa a kansa, babu hanyar kaucewa. Ko bankin Musuluncin ma in zai sa ribarsa a murabaha yana leƙen abin da sauran bankuna ke caja a kasuwa, wanda bai iya wancan lissafin ba ba zai gane ko an yi masa riba da rawani ba. Gara ya ji daga bakinka yanzu da ya ji daga bakin wani kana aji uku.

Tambaya: Malam ina wuni. Na ci BAC, jarrabawar gama sakandare, a nan Maraɗi, da Faransanci na yi duk karatuna, ina son zuwa Kano ko Katsina in karanta harkar kuɗi. Ya dace ko in tsaya gida? 'Yarka daga Nijar.

Amsa: Lafiya lau 'yata. Kafin ki ɗaure kaya ki fara tambayar kanki a ina kike son yin aiki, domin ba harshe kawai ya raba mu ba, tsarin ajiye lissafin ma daban ne. Nijar tana bin tsarin SYSCOHADA kamar duk ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, inda kowane asusu yake da lambarsa da ajinsa, Najeriya kuwa ta koma IFRS, tsarin ajiye lissafi na ƙasa da ƙasa, tun 2012. Kuɗinku sefa ce a ƙarƙashin babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar, namu naira. In burinki banki ne a Yamai ko ma'aikatar kuɗi, ni dai da ke ce da na yi lisans, wato digiri na farko, a Jami'ar Abdou Moumouni ko nan Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ina koyon Turanci a gefe, daga baya in nemi makarantar koyon gudanarwa ta CESAG a Dakar ko in tsallako Najeriya digiri na biyu.

In kuwa hankalinki yana kan cinikin da ke tsakanin Maraɗi da Jibiya da Kano ne, to ki zo, mai Hausa da Faransanci da Turanci kuma ta san littafin lissafin ɓangarorin biyu ba ta da yawa a kasuwa. Sai dai ki ware kamar wata shida zuwa shekara na Turanci zalla kafin ki shiga aji, kar ki yarda da masu cewa ai Kano ce Hausa za ta fisshe ki, Hausa za ta kai ki kasuwar Kwari ta dawo da ke amma takardar jarrabawa ba ta jin ta. Ki kuma kula da rubutun lamba, inda kuke sa waƙafi mu ɗigo muke sawa, ƙaramin abu ne amma yana cinye maki. Maganar karɓar takardar BAC da kuɗin makaranta na ɗaliban waje kuma, ki sa wani ya je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da ƙafarsa ya karɓo bayani a rubuce, ban da dillalai.