Amsa: Sabawa da magana da Turanci kafin IELTS

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki saba da yin bayani da Turanci kan al'adu, salon rayuwa da lafiya. A kashi na biyu na gwajin baka na IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, kati mai ɗauke da batun da za ki yi magana a kai za a miƙo miki, minti 1 ki shirya, sannan ki yi magana har minti 2. Nan mutane ke kakarewa. Kada ki haddace amsa, masu gwajin na ganewa.

Ki riƙa sauraron shirin 6 Minute English na BBC, sukan taɓo abinci, barci da wayar salula. Sai ki naɗi muryarki a waya kina bayanin kamun amarya, ko abin da ke kawo hawan jini. In kin sake saurara, za ki ji inda harshenki ke sarƙewa, can za ki fi ba ƙarfi.