Amsa ga Hajiya kan shirin dashen itatuwa na matasa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce yaronki ya gama sakandare yana zaune a Tudun Wadan Zariya ba aikin yi, an kawo masa fom na wani shiri da ke ɗaukar matasa aikin dasa itatuwa da tare zaizayar ƙasa, ana ba su ɗan alawus, kina tambaya ko akwai sana'a a ciki ko ɓata lokaci ne. Ni ta irin wannan shiri na koyi renon itatuwa, kuma da shi nake riƙe iyalina a Samaru.

Ki bar shi ya je, amma a fara bincikar abu ɗaya: shin masu shirin suna da gandun da suke renon tsirrai da kansu, kuma za su riƙe yaran har cikin rani? Akwai shirin da iyakarsa biki ne. A kafa rumfa a watan Agusta, a raba riga da hula, babban baƙo ya dasa ɗaya a ɗauki hoto, kafin Fabrairu awaki da gara sun gama da sauran. Yaron da ya shiga wannan bai koyi komai ba sai haƙa rami.

Ilimin yana cikin gandun reno. A nan ake koyon haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a baƙar leda, da sanin cewa ƙwayar ɗorawa sai an jiƙa ta a ruwan zafi kafin ta yarda ta tsiro da wuri, ƙwayar darbejiya kuwa in ta jima a ajiye ta mutu. A nan ake koyon lokacin rage inuwa da rage ban ruwa domin tsiro ya yi ƙwari kafin a kai shi fili. Babbar ribar kuma ita ce auren itace, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani tsiro. Mangwaron da aka yi wa aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai an yi ta jira, kuma ba ka da tabbacin irin da zai ba ka. Shi ya sa masu gonaki suke neman mai hannun aure har gida, su biya shi kan kowace bishiya, mangwaro ne ko lemo. Wallahi, Hajiya, in wannan kaɗai ya ƙware a kai, lokacinsa bai tafi a banza ba.

Aikin zaizaya shi ma sana'a ne, ko da yake ya fi wahala. Duk wanda ya bi gefen rafin Kubanni ya ga yadda kwari ke cin gonaki, ƙasar kuma tana gangarawa tana cike madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello. Ana tare ta da layin ciyawar jema, da duwatsu, da buhunan ƙasa, kuma sai mutum ya iya karanta gangaren fili kafin ya san inda zai sa su.

Irin wannan tsari ba sabo ba ne a duniya. A 1933, lokacin da rashin aiki ya addabi Amurka, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar matasa da suke kira CCC. Ana biyan yaro dala 30 a wata, a aika wa iyayensa 25. Kafin a rufe ta a 1942 kimanin matasa miliyan 3 sun bi ta ciki, sun dasa itatuwa kusan biliyan 3. Abin da ya fi burge ni shi ne da dare ana koya musu karatu da sana'a a sansani. Mu nan, hidimar ƙasa da Janar Gowon ya kafa a 1973 ta ƙara sashen koyon sana'a a 2012, amma wannan ta waɗanda suka gama jami'a ce ko babbar difloma, ba ta kai ga irin yaronki ba. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa domin tare hamada, a jihohi 11 na bakin hamada yake, Kaduna ba ta ciki. ACReSAL kuwa, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700, ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka suna buƙatar tsirrai masu yawa, kuma wani ne zai rene su.

Kada ku biya kowa kuɗin fom ko na "sa suna". Kada kuma ya sa rai za a ɗauke shi aikin gwamnati daga baya. Alawus yakan makara. Namu ya sha yin haka, kuma waɗanda suka zo domin kuɗin kaɗai su ne suka fara gudu. A tambaya ko ana ba da takalmin roba da safar hannu, don akwai maciji da kunama a aikin sharar daji, sannan ko za a ba shi takardar shaida mai nuna abin da ya koya.

Sa'arsa ɗaya, a Zariya yake. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da tashar binciken gandun daji duk a Samaru, wuraren da mai son sani zai je ya yi tambaya. In karatun ya shiga ransa, ga Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, ga ta gandun daji a Afaka.

In ya gama, ya fara a bayan gida kusa da rijiya, da zogale da gwanda da gwaiba, masu saurin fita. Ya shuka a Fabrairu ko Maris, ya yi shinge mai kyau saboda awaki, zuwa Yuni da Yuli da ruwa ya zauna masu saye za su fara nema. Allah ya yi masa albarka, ya ba ki ladan tarbiyya.